Tambaya da Amsa: Su wane ne suka ƙirƙiro ƙwallon ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama ce ta kaure a majalisarmu, wasu na cewa Turawan Ingila ne suka ƙirƙiro ƙwallon ƙafa, wasu kuma sun kafe a kan cewa daga Sin ya fito. Wane ɓangare ne ke da gaskiya? Kuma me ya sa Amurkawa suke kiran wani wasa na daban ƙwallon ƙafa, alhali da hannu suke ɗaukar ƙwallon? Daga wani mai karatunmu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowane ɓangare na majalisarku yana riƙe da wani yanki na gaskiya, amma yankin masu cewa Ingila ya fi nauyi.

Buga wani abu mai zagaye da ƙafa tsohuwar al'ada ce da ba ta da uba ɗaya. A ƙasar Sin, tun zamanin daular Han, wadda ta kafu shekara 206 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana yin wani wasa mai suna cuju, inda ake harba ƙwallon fata ta wata 'yar kafa a jikin raga, har sojoji suna motsa jiki da shi. Japanawa suna da kemari, Girkawa da Rumawa ma suna da nasu. Sai dai babu wata igiya da ta taso daga cuju ta iso ga wasan da muke kallo yau, domin wasan na Sin ya dushe tun kafin a haifi wannan.

Asalin da za a iya bin sawunsa yana Ingila, kuma farkonsa ba abin sha'awa ba ne. Ƙauye guda ne yake karawa da wani ƙauyen, ba a ƙayyade yawan 'yan wasa ba, ana turereniya a kan mafitsarar dabba da aka hura, ana fasa shaguna ana karya ƙasusuwa, har ta kai a 1314 aka haramta wasan a birnin Landan. Daga baya makarantun kwana na 'ya'yan manya, irin su Eton da Harrow da Rugby, suka ɗauke shi, kowace da dokokinta: wata ta yarda a rungumi ƙwallo a ruga da shi, wata ta ce sai da ƙafa. Da ɗaliban suka haɗu a jami'a sai wasa ya gagara, abin da ya sa aka zauna a Kambirij a 1848 don neman matsaya ɗaya.

Ranar da ya kamata ku riƙe ita ce 26 ga Oktoba, 1863, lokacin da wakilan wasu ƙungiyoyi suka taru a Landan suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wato FA, kuma wani lauya, Ebenezer Cobb Morley, ya tsara dokoki goma sha uku na farko. Abubuwa biyu ne suka raba kan mahalarta: gudu da ƙwallo a hannu, da kuma harbin ƙwaurin abokin hamayya da gangan, wanda wasu ke ɗauka alamar jarumta ce. Da rinjaye ya soke su, ƙungiyar Blackheath ta fice, kuma masu ra'ayinta suka kafa hukumar wasan zari-ruga a 1871. A ganina nan ne ƙwallon ƙafa ya samu kansa, domin wasan da ba shi da rubutacciyar doka ba ya iya fita daga garinsu, wanda ke da ita kuwa baƙi biyu da ba sa jin harshen juna za su iya buga shi. Ko da yake wasan na 1863 ba za ku gane shi ba idan kuka gan shi, don babu sandar sama a raga, kuma an yarda ɗan wasa ya cafe ƙwallo daga sama. Bugun daga kai sai mai tsaron gida ma sai a 1891 ya shigo.

Daga nan abin ya yi ta bunƙasa. An yi wasan ƙasa da ƙasa na farko a Glasgow a 1872 tsakanin Sikotilan da Ingila, aka tashi babu ci. An kafa FIFA a Faris a 1904, shekarar da aka buga wasa na farko da tarihi ya adana a Nijeriya, tsakanin makarantar Hope Waddell ta Kalaba da ma'aikatan wani jirgin ruwan Birtaniya. Gasar cin kofin duniya ta farko kuwa a Yurugai aka yi ta a 1930 da ƙasashe 13, mai masaukin baƙi ta doke Ajantina da ci 4 da 2 a wasan ƙarshe.

Batun Amurka yana komawa ga waccan rabuwar. A ƙarni na 19 duk waɗannan wasanni suna ɗaya suke amsawa a Turance, zari-ruga ma ƙwallon ƙafa na makarantar Rugby ake ce masa. Jami'o'in Amurka sun fara da wasa mai kama da namu, kamar wanda Rutgers da Princeton suka buga a 1869, sannan suka karkata ga salon zari-ruga, har wani ɗan wasansu mai suna Walter Camp ya sauya masa dokoki a wajajen 1880, amma tsohon sunan ya zauna. Haka ya faru a Ostareliya, inda aka rubuta dokokin nasu wasan a Melbourne a 1859, shekara huɗu kafin na Landan. Kalmar “soka” da Amurkawa ke kiran namu da ita kuwa ba su suka ƙaga ta ba, ɗaliban Ingila ne suka gutsuro ta daga kalmar “Association” da ke cikin sunan hukumar FA da aka kafa a 1863, don su bambanta wasanta da zari-ruga.