Kuran, zafi da ƙura: amsoshin tambayoyinku kan kwamfutocin ofis a Damagaram

Tun da bazara ta kama, kusan duk tambayoyin da ke zuwa mini hanya ɗaya suka biyo: kwamfuta ta mutu ana tsakiyar aiki, sabar ta ƙi tashi, firinta ta ɓace. Na tsamo shida daga ciki, na cire sunayen masu tambaya da na ofisoshinsu.

Tambaya daga wani mai riƙe da lissafin kuɗi a wani ofis a Sabon Gari: Malam, muna da sabar guda, wato uwar garken da duk takardunmu ke ciki, kwamfutoci tara ne ke jingine da ita. Shekara biyu da suka wuce muka saya mata ondilar, akwatin batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke. Da, in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tana riƙewa har a tada gurup, injin ba da wuta. Yanzu kuran na ɗaukewa sai ta yi ƙara ɗaya komai ya mutu. Sau biyu sabar ta tashi da shuɗin allo. Mai gyara ya ce a fomate ta, wato a goge duk abin da ke cikinta a sake saka mata manhaja. Mu yarda?

Amsa: Kada ku yarda tukuna, ɗan'uwa. An bar jaki ne ana dukan taiki. Sabar ɗinku lafiyarta ƙalau kafin a fara kashe ta da ƙarfi sau uku a rana, kuma in an fomate ta yau aka mayar da ita kan wannan ondilar, wata ba zai yi ba za ku koma gidan jiya.

Ondilar, wadda mutanen Kano ke kira UPS, batirin dalma ne a cikinta, galibi mai volt 12 da 7Ah ko 9Ah, ɗaya ko biyu. Masu ƙera shi suna ba shi shekara uku zuwa biyar, amma a ɗaki mai digiri 25. Duk ƙarin digiri goma kan wannan, kusan rabin ransa ke tafiya. To mu da Afrilu da Mayu ke wuce mana digiri 40, ga ɗaukewar kuran da ke zuƙe shi ya cika ya sake zuƙewa, batirin da ya kai shekara biyu ai ya yi abin kirki. Ku kashe ondilar, ku zare filoginta daga bango, ku buɗe murfin batir. In kun ga cikinsa ya kumbura ko farar hoda ta taru a kan ƙarafunan, magana ta ƙare. Batir za ku sauya, ba ondilar duka ba. In bai kumbura ba, ku jona mata wata kwamfutar da ba komai mai muhimmanci a ciki, ku zare filogi, ku duba agogo ku ga minti nawa za ta riƙe.

Sannan ku durƙusa ku leƙa bayanta. Na taɓa zuwa wani ofis da aka sauya wa batir sau biyu cikin shekara guda, ana ta zagin mai kanti. Da na ja teburin, sai na tarar an jona doguwar waya mai kafofi shida a bayan ondilar, a kanta akwai firinta mai leza, da cajar waya uku, da kuma butar lantarkin da ake dafa ruwan shayin ofis. Ondilar ɗin mai 650VA ce, wadda ainihin abin da take iya ɗauka bai kai watt 400 ba. Firinta mai leza kaɗai, lokacin da take ɗumama ƙarfen da ke manna tawada, tana iya jan fiye da haka. Butar kuwa ba a magana. Sabar, allonta, da akwatin da ke rarraba wayoyin rezo, wato hanyar da ta haɗa kwamfutocin ofis, su kaɗai ke da wuri a bayan ondilar.

Abin da na fi so ku gane shi ne, ondilar ba don a ci gaba da aiki aka yi ta ba, don a samu kashewa cikin natsuwa ne. Wanda ya yi aikin ofis a garin nan bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, har da layin Katsina da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram, ya san babu ƙaramin batirin da zai kai mutum ƙarshen irin wannan duhu. Yawancin ondilar masu ɗan daraja suna da kafar USB a baya, wayarta kuma tana cikin kwalin da aka jefar a sito. Ku nemo ta ku haɗa da sabar. Windows za ta ga ondilar kamar batirin laftof, sai ku shiga Options d'alimentation ku ce in batir ya sauka zuwa rabi ta kashe kanta. Masu ondilar kamfanin APC suna da manhajar PowerChute, masu Linux a maimakon Windows kuma akwai NUT. Ko da ƙarfe biyun dare ne, ba kowa a ofis, za ta rufe fayiloli ta kwanta da kanta.

In kuma kuna jin ondilar tana ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da ake kan gurup, ba lalacewa ta yi ba. Ƙananan gurup ba sa riƙe bugun 50Hz daidai, ita kuma sai ta ƙi amincewa da wutar ta koma batir. Wasu ana iya rage musu wannan tsantseni a cikin saitinsu. Ofishin da ke da hali ya sayi irin da ake kira online, wadda kullum ita ke sake haɗa wutar da kanta kafin ta ba sabar.

Batun shuɗin allo: kafin kowa ya taɓa komai, a kwafe takardun duka zuwa diski na waje. Bayan nan a sa CrystalDiskInfo, kyauta ce, a ga lafiyar diskin. Shuɗi lafiya, rawaya a fara shirin sauyawa, ja a sauya yau. In diskin lafiya yake, chkdsk da sfc /scannow sukan gyara ɓarnar da kashewar ƙarfi ta yi. Kada a fara da chkdsk kafin kwafewa, domin diskin da ke kan gargara wannan aikin na iya ƙarasa shi.

Tambaya daga shugaban wata ƙungiyar manoma a Mirya: Wanda ya haɗa mana sabar ya ce diski biyu ne a ciki, RAID 1, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan, saboda haka ba ma buƙatar wata ajiya. Haka ne?

Amsa: Rabin maganar gaskiya ce, Alhaji. RAID 1 madubi ne, duk abin da aka rubuta a diski ɗaya nan take yake sauka a ɗayan. To in sakatare ya goge fayil bisa kuskure, a duka biyun ya goge. In cutar nan mai kulle takardu ta nemi kuɗin fansa ta shiga, duka biyun za ta kulle. Tsawa ta faɗo da damina, ko ɓarawo ya ɗauke akwatin, haka nan. Ku manoma ne, kun san rumbu biyu a jere cikin gida ɗaya gobara ɗaya ke cinye su.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wajen ginin. A aikace, ku sayi diski na waje guda biyu. Wannan mako a kwafe a na farko, ku tafi da shi gida, mako mai zuwa ku kawo shi ku tafi da na biyun. Kada a bar shi a jone dare da rana. Duk wata kuma a buɗe fayil biyu ko uku daga cikinsa a tabbatar suna buɗuwa, don na sha ganin diskin ajiya da aka yi shekara ana taƙama da shi, ranar buƙata aka tarar manyan fayiloli ne babu komai a ciki. Ku kuma riƙa duban ƴan fitilun gaban sabar. In ɗaya ta koma ruwan lemo, wataƙila diski ɗaya ya daɗe da mutuwa kuna tafiya da ƙafa guda ba ku sani ba.

Tambaya daga wata sakatariya a Birni: Kullum da safe kwamfutata tana nuna wata tsohuwar shekara, shafukan intanet kuma su ce ba su da tsaro. Cuta ce?

Amsa: Ba cuta ba ce, ƴar'uwa. Akwai ɗan batir mai kama da kwabo a kan babban faifan ciki, CR2032, volt 3, shi ke riƙe agogo in an kashe kwamfuta. Ya ƙare ne. Shafukan suna ƙin buɗuwa saboda takardar shaidarsu tana da ranar farawa da ta ƙarewa, kwanan watanki kuma ya faɗa waje. Masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. A zare filogi, a sauya, a gyara kwanan wata, shi ke nan.

Tambaya daga mai shagon buga takardu kusa da Kasuwar Dole: Da safe kwamfutata garau, amma daga azahar sai fankarta ta kama kuka kamar jirgi, ta yi nauyi, wani lokaci ta mutu da kanta. In ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita?

Amsa: Ajiye kuɗinka. Yaushe rabon da a buɗe ta? Kwamfutar da ta ci hunturu guda a bakin kasuwa, in ka cire murfin gefe za ka tarar ƙura ta yi tabarma a tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwarta, ja-ja, mai kauri, har ana iya ɗago ta da yatsa ta fito a dunƙule. Iska ba ta ratsawa. Ƙwaƙwalwar in ta kusanci digiri 100 sai ta rage gudu don ta tsira, in abin ya ƙi ta kashe kanta. Nauyin da mutuwar duk abu ɗaya ne.

Kashe ta, zare filogi, fitar da ita waje, ka hure ta da injin hura iska. Ka dafe fankar da yatsa lokacin hurawa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma. In ta haura shekara huɗu ko biyar, mai gyara ya ɗaga ƙarfen ya goge busasshen man da ke ƙarƙashinsa ya ɗiga sabo, kamar ƙwayar wake ya isa. Daga nan ka ɗauke ta daga ƙasa ka ɗora kan tebur, ka bar mata tazarar taƙi guda daga bango. Ƙyallen da ake lulluɓa mata kuma na dare ne, bayan an kashe. Sa Core Temp ka duba zafin kafin hurawa da bayanta, za ka ga bambancin da idonka.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Zango: Firintar ofishinmu tana kan rezo. Duk lokacin da kuran ya ɗauke ya dawo sai kwamfutoci su daina ganinta, sai an sake saka ta.

Amsa: Malam, adireshinta ne ke sauyawa. Akwatin wifi shi ke raba wa kowace na'ura lamba irin 192.168.1.23, wanda ya riga tashi ya riga karɓa. Kuran na dawowa sai firinta ta samu wata lambar, kwamfutoci kuma suna ta sallama a tsohon gida. Shiga saitin akwatin, wajen DHCP, ka keɓe wa firinta lamba guda ta dindindin, ka yi wa sabar haka ita ma, sannan ka sake saka firintar a kwamfutoci da wannan lambar. Rubuta ta a takarda ka manna a jikin firintar. In wata kwamfuta ta ƙi ganin kowa, buɗe cmd, baƙin allon ba da umarni na Windows, ka rubuta ipconfig. Lambar da ta fara da 169.254 tana nufin ba ta samu akwatin ba sam, sai a duba waya ko a jira ya gama tashi.

Wani abu da ke kama da wannan: ofishin da ya mayar da kwamfuta mai Windows 10 ko 11 sabar, na'ura 20 kaɗai take yarda su shiga fayilolinta a lokaci guda. Ta 21 za a ƙi ta, ba laifin waya ba ne.

Tambaya daga wani ɗalibin Jami'ar André Salifou: Yayana zai sayo mini kwamfutar tebur ta hannu daga Kano. Me zan ce ya duba?

Amsa: Abu na farko, kafin ka jona ta, juya bayanta. Tsofaffin da aka kwaso daga Amurka wasu suna da ɗan jan maɓalli kusa da inda wayar wuta ke shiga, an rubuta 115 da 230. Kuran NIGELEC volt 220 ne. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji da ƙauri. Tura shi zuwa 230.

Na biyu, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin kwamfutar, kuma in ƙwaƙwalwar Intel ce, daga zubi na takwas zuwa sama. Ana gane zubin daga lambar farko bayan ɗan layin (daga zubi na goma, lambobi biyu na farko): i5-8500 na takwas ne, i5-6500 na shida. Kada ya ruɗu da jin i7 kawai. RAM a takarda 4GB ta isa, a aikace kada ka yarda da ƙasa da 8GB, kuma diskin ya zama SSD, wato irin mai sauri wanda ba ya juyawa. In kuɗin bai kai na takwas ba, na shida da Linux Mint zai yi maka rubutun kammala karatu ba tare da matsala ba.

Allon rubutunta zai zo QWERTY irin na Najeriya, alhali hannunka ya saba da AZERTY. Ko dai ka sayi wani a nan, ko ka ƙara faransanci a saitin harshe ka riƙa sauyawa da maɓallin Windows haɗe da dogon maɓallin tazara. In kana rubutun Hausa a Word kuma, rubuta 0199 ka danna Alt da X za ka samu ƙ, 0257 ya ba ka ɗ, 0253 ɓ, 01B4 kuma ƴ.