Yadda Yaranmu na Garwa Suke Sauko da Ingilishi daga Kai zuwa Baki

Malam, assalamu alaikum. Ka tambaye ni yadda yaran Hausawa a nan arewacin Kamaru suke buɗe baki da Ingilishi, tunda ɗalibanka na Zariya suna da kalmomi cike da kai amma da an ce su yi magana sai harshe ya yi musu nauyi. Wannan ciwo muna da shi, har namu ya fi naku tsanani.

Tun haɗewar ƙasa a 1961 Kamaru take da harsunan hukuma biyu, Faransanci da Ingilishi, sai dai masu Ingilishin suna can wajen Bamenda da Buea. A nan arewa, daga Ngaundere zuwa Garwa har Marwa, makaranta da ofis na Faransanci ne, kasuwa ta Fulatanci, gida kuma na Hausa. Yaro yana tashi da harsuna uku, kuma Fulatancin ma a bakin mutane ya tsince shi, domin idan bai iya ba, ba zai yi wa mahaifiyarsa cefane ba. Ingilishi kaɗai ne yake zo masa a matsayin darasi, na 'yan sa'o'i a mako, don ya ci jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare.

Faransancin kuma yana yaudarar yaranmu. Ingilishi ya ari dubban kalmomi daga gare shi bayan Normandawa, masu magana da Faransanci, sun ci Ingila a 1066, saboda haka yaro yakan ɗauki jaridar Ingilishi ya fahimci akasarin abin da ke ciki, har ya ɗauka ya iya. Ranar da aka tsayar da shi a hanya aka yi masa tambaya sai ya daskare, domin furucin ya sha bamban, kuma ƙananan kalmomin yau da kullum, na ci da sha da tafiya da saye, yawancinsu ba daga Faransanci suka fito ba.

Wasu iyaye kan tura yaro hutu wurin dangi a Yola ko Mubi, ni kuwa ban ga amfaninsa sosai ba, tunda can ma da Hausa da Fulatanci zai biya dukkan buƙatunsa. Abin da ya fi aiki shi ne a haɗa shi da mutumin da ba su da wani harshe a tsakaninsu sai Ingilishi, kamar malamai da 'yan kasuwar Bamenda da ke zaune a cikinmu, waɗanda suka ƙaru tun da rikicin yankinsu ya ɓarke a 2016. Yaron da ke taya irin wannan mutum tsaron shago dole ya laluɓo kalmar da ke kwance a kansa, ko ciniki ya wuce shi. Akan dai ja masa kunne ya bambanta Fijin, wato Ingilishin buroka, da Ingilishin makaranta, amma ba a hana shi, domin yana sakin harshe.

Samari kuma suna da majalisar shayi. Gidan talabijin na CRTV yana ba da labarai da harsunan biyu, sai su saurari na Ingilishi, sannan kowa ya maimaita labari ɗaya da bakinsa ba tare da takarda ba, yana sa kalmomi huɗu ko biyar da ya sani amma bai taɓa furtawa ba. Wannan kamar hadda ce a makarantar allo, wadda ba ta zama sai an biya ta da ƙarfi a gaban wani. Ƙa'idarsu ita ce ba a katse mai magana don gyara, sai ya dire, kuma wanda ya yi dariya shi zai sayi sukarin gobe. Wannan ƙa'ida tana da muhimmanci ƙwarai a wurina, domin tsoron a ce mutum yana iyayi ya rufe bakin yara da yawa waɗanda littattafansu ke cike da jerin kalmomi.

'Yan mata, da yake ba sa zaman majalisa, sun nemo tasu hanyar. Sukan aika wa juna saƙon murya a WhatsApp, kowace ta ba da labarin yininta da Ingilishi na minti ɗaya, ta saurari kanta, ta sake ɗauka idan bai yi mata ba. Ɗalibanka za su iya fara wannan ko a makon nan.