Irin fakiti da irin gida: me ya sa tumatirina ya canza?

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Garwa: Malam ina da ɗan lambu a bayan ɗaki, bara na sayi irin tumatir na fakiti ya yi 'ya'ya sosai, sai na cire iri daga cikinsa na shuka bana, amma wasu ƙanana wasu ganye kawai. Shin irin kala nawa ne, wanne ya kamata in riƙa saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a lambun. In fakitin yana nan ki duba gaban sunan, ina kyautata zaton za ki ga an rubuta F1, kamar Cobra F1 ko Mongal F1 na kamfanin Technisem da ake samu a shagunan iri. Shi ne iri mai aure, tumatir biyu daban aka haɗa da hannu, uwa daban uba daban, shukar farko ta fito kai ɗaya, ga yawa ga jure cuta. To amma in kika cire iri daga 'ya'yan sai halin kakanni ya watse a cikinsu, wannan ya ɗauko tsawo wancan ya ɗauko ƙanƙanta, abin da kika gani ke nan, ba ƙasarki ba ce ba kuma hannu ba ne. Mai F1 duk shekara sai an sayi sabo, kuma ya fi tsada.

Akwai kuma na fakiti ko gwangwani da ba mai aure ba, irin su Roma VF da Rio Grande a tumatir, Clemson a kuɓewa, Violet de Galmi a albasa, wadda asalinta garin Galmi ne a Nijar. Waɗannan in kin ajiye irinsu haka za su dawo miki. Haruffan nan ma ba ado ba ne, V da F cututtukan ƙasa biyu ne masu sa shuka yaushi wanda irin yake jure musu, in kin ga N kuma tsutsar da ke sa saiwa ƙulle-ƙulle ce.

Sai irin gida, wanda ni gaskiya na fi jin daɗin magana a kai don mutane suna raina shi. Yakuwa, rama, lalo, alayyafo, gauta, kuɓewar gida, albasar Gudami ta wajen Marwa, duk sun saba da ranarmu da ƙasarmu, ba sa neman taki da magani da yawa, ga ɗanɗano a miya. Banga dalilin da zai sa ki kashe sefa kan irin yakuwa ba alhali maƙwabciyarki tana da shi a kwalba. Matsalarsa dai in a awo kika saya a kasuwa ba ki san shekararsa ba, wani lokaci a gauraye yake. Kuma in za ki ajiye na kuɓewa ko barkono kar ki jera kala biyu kusa, zuma tana yawo tsakanin furanni ta haɗa su.

Irin da kika ga ja ko kore ko shuɗi, magani aka shafa masa don kar ya ruɓe a ƙasa. Guba ce, kar yara su taɓa, kar kaji su tsattsaga, ki wanke hannu bayan shuka.

Ni shawarata ki raba ƙafa. Kabeji da karas dole ki saya don ba sa yin iri a zafinmu, tumatirin damina ma mai F1 ya fi tsayawa gaban cuta. Amma na lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, Roma ya ishe ki kuma kya samu irin baɗi. Ki zaɓi 'ya'yan shuka mafi lafiya da suka nuna sosai, ki matse a kofi ki bar shi kwana 2 ko 3 ya yi tsami, ki wanke ki shanya a inuwa ba a rana ba, ki zuba a kwalba da ɗan toka ki rufe gam, ki ajiye can nesa da murhu.

Wajen saye ki duba kwanan wata a bayan fakiti, kar ki ɗauki wanda aka rataye a rana har ledar ta koɗe, musamman albasa, irinta da wuya ya wuce shekara 1 da ƙarfinsa. In kina shakka ki ƙirga ƙwaya 10 ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ki riƙa yayyafa ruwa kamar mako guda ko kwana 10, in 7 ko 8 sun tsiro ki shuka abinki, in 4 ne ki ƙara yawan da za ki zuba ko ki nemi wani. Kina Garwa kuma akwai ma'aikatan gona na IRAD, cibiyar binciken noma ta gwamnatin Kamaru, a garin, ki tambaye su wanda ya fi karɓar ƙasar unguwarku.