Kirk ko Spock: wa ya fi farin jini, kuma da gaske ne ba sa ga maciji?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni da yayana muna kallon tsohon shirin nan na Amurka mai dogon zango, Star Trek, na asalin wanda aka yi a shekarun 1960. Kullum sai mun yi musu. Shi cewa yake Kyaftin Kirk shi ne shirin, in aka cire shi babu abin kallo. Ni kuwa na ce Spock mai tsinin kunne ne ya ja hankalin duniya. Sannan ya ce ya ji wai 'yan wasan biyu ba sa ga maciji, sauran abokan aikinsu ma duk suna jin haushin wanda ya fito a Kirk. Don Allah a raba mana gardama.

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Musun nan gado kuka yi, domin tun 1966 masoyan shirin suke yinsa. Ta fuskar farin jini ke ce da gaskiya. Amma maganar yayanki tana da ƙafa, kuma ina so ki saurare ta da kyau kafin ki yi masa dariya.

An fara nuna Star Trek a tashar NBC ranar 8 ga Satumba 1966. Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiro shi, ya yi zango 3, kashi 79, aka tsayar da shi a 1969. A takarda babu wata tababa kan wane ne jarumi. William Shatner, ɗan Kanada, mai fitowa a Kirk, shi aka ɗauko a matsayin tauraro, sunansa ne farko a allo, ana biyansa dala 5,000 kowane kashi. Leonard Nimoy, mai fitowa a Spock, dala 1,250 yake karɓa. Shugabannin tashar ma ba sa son Spock ko kaɗan. Suna tsoron kunnuwansa da girarsa za su sa iyalai masu addini su ga kamar siffar shaiɗan ce aka kawo musu cikin falo, har ta kai a wata takardar talla sai da aka gyara hotonsa, aka mayar masa da kunnuwa irin na kowa.

Ba a yi nisa ba sai wasiƙun masoya suka fara zuwa buhu-buhu, kuma mafi yawansu sunan Nimoy ne a kai. Sau 3 a jere aka sa shi cikin masu takarar kyautar Emmy, babbar kyautar shirye-shiryen talabijin a Amurka, saboda Spock, a 1967 da 1968 da 1969. Shatner ko sau ɗaya ba a sa shi ba saboda Kirk. Ki sa kanki a matsayinsa. Shi ke da maganganu mafi yawa da zai haddace, shi ke dambe, shi ake yaga wa riga, kusan kowace fitowa yana ciki daga safe har dare, amma 'yan jarida in sun zo mai kunnuwa suke nema. Gani yake kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Shi da kansa daga baya ya amsa cewa kishi ya kama shi a lokacin, har ya kai kukansa wurin Roddenberry.

Akwai wata safiya da abokan aikinsu suka daɗe suna ba da labarinta. Wani mai ɗaukar hoto ya zo daga wata mujalla don ya ɗauki yadda ake manna wa Nimoy kunnuwan roba a ɗakin kwalliya. Shatner ya shigo ya tarar da shi, ya ce ba ya son baƙo a wurin da ake yi masa tasa kwalliyar, aka fitar da mutumin. Nimoy ya tashi ya koma ɗakinsa, ya ce ba zai zauna a ƙarasa masa kwalliya ba sai an dawo da mai hoton. Aiki ya tsaya cak, ma'aikata suna zaune suna jira, sai da manya suka sauko suka sasanta. Marubuci Norman Spinrad kuma ya ba da labarin ganin Shatner yana ƙirga layukan magana a rubutun fim, don kada na Spock su fi nasa yawa. Saboda haka 'yar tsamar gaskiya ce, ba ƙirƙirar masoya ba ce. Shi ma Nimoy ba kanwar lasa ba ne. Da ya ga kasuwarsa ta buɗe, ya tsaya kai da fata sai an ƙara masa kuɗi a zango na 2, har kamfanin da ke shirya shirin ya fara lissafa waɗanda za su iya maye gurbinsa.

Abin ya dami Roddenberry har ya rubuta wa Isaac Asimov, shahararren marubucin ƙagaggun labaran kimiyya, yana neman shawara a 1967. Asimov ya ce masa a daina raba su, a ɗaure su wuri guda, a sa su riƙa ceton juna suna fuskantar haɗari tare, ta yadda duk wanda ya tuna da ɗaya dole ya tuna da ɗayan. Hanyar da shirin ya bi ke nan.

A nan nake ganin maganar yayanki ta fi ƙarfi. Kafin a ɗauko Shatner an yi wani kashin gwaji da wani jarumi daban, Jeffrey Hunter, a matsayin kyaftin ɗin kumbon sararin samaniya da labarin ke gudana a cikinsa. Tashar ta ƙi shi. In kika samu kika kalla za ki sha mamaki, domin Spock ɗin da ke ciki yana murmushi, yana ɗaga murya. Nimoy ya yi bayanin dalili: Hunter mutum ne mai sanyi da zurfin ciki a wasansa, dole shi Nimoy ya kawo kuzari don kada fitowar ta mutu. Da Shatner ya zo da zafinsa da kaɗa hannu da tsayar da magana a tsakiya, sai Nimoy ya samu sararin yin shiru. Wannan ɗage gira ɗaya da kike so, da fuskar nan da ba ta motsi, suna aiki ne saboda akwai wani a gefe yana tafasa.

Dubi kamun kafaɗar nan da Spock ke yi mutum ya sume. A rubutun wani kashi na zango na 1, cewa aka yi Spock ya bugi wani mugun kwafin Kirk a ka da gindin bindiga. Nimoy ya ce wannan bai dace da halin mutumin da ya fito daga al'ummar da ta bar tashin hankali ba. Ya kira Shatner don su nuna wa darakta wata dabara. Ya ɗora yatsunsa a tsakanin wuya da kafaɗarsa, Shatner kuwa ya sandare, ya gantsare, ya zube ƙasa kamar an zare masa laka. Darakta ya amince nan take. Nimoy ya sha faɗa cewa faɗuwar Shatner ce ta sa kowa ya yarda da kamun. Tunanin na Nimoy ne, wanda ya sa ido ya gaskata shi kuwa Shatner ne.

To me ya sa duk da haka zukata suka karkata ga Spock? Rabinsa mutum ne, rabinsa ɗan wata duniya, kuma ko'ina ya je ana yi masa kallon bare. Duk yaron da aka taɓa ware shi a makaranta, duk wanda ya tashi tsakanin al'adu biyu, ya ga kansa a jikinsa. Nimoy ya san wannan ciwon, ɗan Yahudawa ne 'yan gudun hijira daga Yukiren, ya tashi a Boston. Gaisuwar nan ta raba yatsu da Spock ke yi ma daga wurin ibadarsu ya ɗauko ta, yana yaro ya ga ana ɗaga hannu haka ana sa wa jama'a albarka. Jarumi irin Kirk an saba ganinsa a fina-finan kaboyi da na yaƙi. Irin Spock kuwa ba a taɓa gani a talabijin ba.

Sauran 'yan wasan fa? Wannan ɓangaren ya fi ɗaci, kuma ya fi daɗewa. A zango na 1 sunaye biyu kawai ke fitowa a farkon shirin, sai a zango na 2 aka ƙara DeForest Kelley, likitan kumbon, wanda kowa ke yabon halinsa. George Takei da Nichelle Nichols da James Doohan da Walter Koenig ƙananan 'yan wasa ne a lokacin, wani sai ya zo kwana ɗaya ko biyu a mako. Koenig ma sai a zango na 2 aka kawo shi don jan hankalin matasa, kuma ko rabin kashi 79 ɗin bai fito ba. Ga mai irin wannan matsayi layi biyu na magana dukiya ce. In jarumi ya ce a cire layin, ko a juyo kyamara kansa, shi ya manta kafin azahar, wanda aka yi wa kuwa zai riƙe abin shekara talatin.

Haka kuwa aka yi. Bayan an tsayar da shirin, ƙananan tashoshi suka yi ta maimaita shi, masoya suka ninka. A Janairun 1972 aka yi babban taron masoya a New York, mutum wajen 3,000 suka hallara. A irin waɗannan taruka ne ƙananan 'yan wasan suka zama manya, aka ba su makirufo, suka fara amayar da abin da ke cikinsu. Lokacin da Shatner ke tattara hirarraki don littafinsa na 1993, ya gama hira da Nichols zai tashi, ta ce ya koma ya zauna, ba ta gama ba. Ta faɗa masa ido da ido cewa abokan aikinsa suna ganinsa mutum mai girman kai wanda bai damu da kowa ba. Doohan ko hirar ma ƙin yarda ya yi. Takei kuwa sun yi ta musayar zafafan kalamai da shi a kafafen yaɗa labarai har tsufansu. Ni a ganina Shatner ba mugu ba ne, mutum ne da aikinsa ya rufe masa ido har bai ga na ƙasa da shi ba. Amma wanda aka taka ba ruwansa da ko da gangan ne, kuma ban ga dalilin ƙaryata mutum huɗu da suka faɗi magana iri ɗaya ba.

Nimoy ya bambanta da shi a nan, kuma wannan ya ƙara masa daraja a idon masoya. Da aka gaya masa ana biyan Nichols ƙasa da takwarorinta maza, ya je ofis ya yi magana aka gyara. A 1973 da za a yi shirin da zanen katun, aka so a bar Takei da Nichols a baya don rage kashe kuɗi, ya ce in babu su shi ma ba zai sa muryarsa ba. Ya san abin da kasancewarsu ke nufi. Nichols baƙar fata ce a kujerar jami'a a talabijin ɗin Amurka na 1966, sunan da take fitowa da shi, Uhura, daga kalmar Suwahili ta 'yanci aka samo shi, kuma da ta so barin shirin Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙar fata a Amurka, shi ne da kansa ya roƙe ta ta zauna.

Sai dai ki gaya wa yayanki cewa “ba sa ga maciji” bai dace da Shatner da Nimoy ba. Zo mu zauna ne, zo mu saɓa. Kwana huɗu ne tsakanin haihuwarsu, Shatner 22 ga Maris 1931, Nimoy 26 ga wata. Tun a zango na 1, ana tsakiyar ɗaukar wani kashi aka kawo wa Shatner labarin rasuwar mahaifinsa. Ya ce sai ya ƙarasa aikin ranar kafin ya kama hanya. Ya ce duk tsawon yinin Nimoy bai matsa daga kusa da shi ba, ya kwatanta abin da yadda giwaye ke tallafar 'yar'uwarsu da jikinsu in ta raunana. Daga baya suka sa sharaɗi a kwantiraginsu cewa duk abin da aka ba ɗaya sai an ba ɗayan. Shi ya sa da aka koma yin fina-finan Star Trek na sinima, bayan Nimoy ya ba da umarnin fim na 3 a 1984 da na 4 a 1986, Shatner ya samu na 5 a 1989. Tafiye-tafiyen tarukan masoya suka mayar da su aminai. Nimoy ne babban abokin ango a auren Shatner na 1997. Shi da ya yi fama da shan giya ya daina, ya gargaɗi Shatner cewa amaryar tana da irin ciwonsa, kuma da ta rasu a 1999 yana cikin waɗanda suka tsaya masa.

Ƙarshen ne ke sosa mini rai duk lokacin da na tuna. A 'yan shekarunsa na ƙarshe Nimoy ya daina yi wa Shatner magana. Shatner yana zaton dalilin shi ne wani fim na tarihi da ya shirya a 2011, wanda Nimoy ya ce ba zai fito a ciki ba, amma mai kyamara ya ɗauke shi a wani taro ba da izininsa ba. Ya yi ta aika masa saƙo, babu amsa. Nimoy ya rasu ranar 27 ga Fabrairu 2015 yana da shekara 83, sanadiyyar ciwon huhu da ya ce shan taba ne ya jawo masa. Shatner yana Florida wurin wani taron tara kuɗin agaji da ya riga ya yi alkawarin halarta, bai samu jana'izar ba, 'ya'yansa mata ne suka je a madadinsa. Masoya suka yi masa ca a kan haka. Shekara guda bayan nan ya fitar da littafi sukutum a kan abotarsu ta shekara 50, ya sa masa sunan Leonard.