Hukuncin miji ya hana matarsa ƙarasa karatun ungozoma bayan ya yi alkawari

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matar aure ce a Talata Mafara. Kafin a ɗaura mana aure, maigidana ya yi wa mahaifina alkawari a gaban shaidu cewa zan ƙarasa karatun ungozoma da na fara a Gusau. Yanzu yayyensa sun matsa masa lamba, suna cewa zuwan matar aure makaranta ɗabi'ar Turawa ce, addini bai san da ita ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, maganar da yayyen mijinki suka jingina wa addini ba ta da tushe, kuma ina jin nauyin a ce a ƙasar Zamfara ake maimaita ta, domin a nan aka taɓa tayar da ita fiye da shekara 200 da suka wuce, a nan kuma aka amsa ta. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake yawon wa'azi a Zamfara, inda ya yi kimanin shekara 5, wani malamin Barno mai suna Mustafa Goni ya soki yadda mata suke halartar majalisinsa. Shehu ya umarci ƙanensa Abdullahi, wanda daga baya aka sani da Abdullahin Gwandu, ya mayar da amsa, sai ya amsa da cewa barin mata cikin jahilci, ba su san abin da Allah ya wajabta musu ba, shi ne ɓarnar da ta fi girma. A cikin littafinsa Nurul Albab kuwa, Shehu da kansa ya zargi malaman da suke karantar da ɗalibai safe da yamma alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko hukuncin tsarki ba.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, matar Waziri Giɗaɗo ce, kuma tana ɗakin mijinta ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa jaji ta ba ta malfa, jajin ta jagoranci mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da na cikin gida. Wanda ya kira wannan ɗabi'ar Turawa bai san tarihin gidansu ba.

Asalin hukuncin kuwa daga Sunna yake. Buhari ya ruwaito cewa mata sun ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maza sun rinjaye su a wurinsa, ya ware musu rana, kuma ya ware. Shifa'u bint Abdullahi ta koya wa Uwar Muminai Hafsa rubutu da saninsa. Rufaida tana da tanti a masallacinsa inda take jinyar masu rauni, can aka kai Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Handak.

Malamai sun kasa ilimi kashi biyu. Farillar da ke kan kowane mutum, kamar tauhidi da tsarki da salla da hukuncin haila da biƙi, miji ba shi da ikon hana matarsa ita. Ko dai ya koyar da ita, ko ya kawo mai koyarwa, ko ya bar ta ta fita ta tambaya. Karatunki yana cikin kashi na biyu, wato farillar da idan wasu suka ɗauke ta ta sauka daga kan saura, idan kuma aka rasa masu ɗauka, laifin ya hau kan al'umma duka. Sau da yawa magidanci yakan zo mini hankali a tashe, an ɗauko matarsa a kan babur cikin dare tana naƙuda, jini ya ɓalle, an isa asibiti ba a sami kowa ba sai namiji, yana tambaya ko ya halatta ya duba ta. Ya halatta saboda lalura. Amma tambayar da nake mayar masa ita ce, daga ina ungozoma mace za ta fito idan kowane gida ya rufe ƙofa a kan tasa 'yar?

Game da alkawarin, mazhabar Malikiyya da muke bi tana ganin cika irin wannan sharaɗi abin so ne ƙwarai, amma alƙali ba ya tilasta shi sai idan an rataya shi da rantsuwa ko saki, yayin da Hambaliyya take ganin cika shi wajibi ne, har mace tana da zaɓin neman rabuwa idan aka saɓa. Hujjarsu hadisin Buhari da Muslim ne, cewa sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su ne waɗanda aka halatta aure da su. Abin da nake gani a mas'alarki shi ne mijinki yana da laifi a wurin Allah idan ya saɓa ba tare da uzuri ba, tunda da wannan alkawarin mahaifinki ya yarda ya ba shi ke, saɓa alkawari kuma Annabi ya lissafa shi cikin alamomin munafunci. Yayyensa ba su da wani iko a kan aurenku a Shari'a.

Uzuri guda nake karɓa, shi ne tsoron hanya. Ku mutanen Talata Mafara ba ku manta da ɗaliban Jangebe da aka sace a watan Fabrairun 2021 ba, kuma kare rai yana gaba. Idan wannan ne damuwarsa, sai a nemi mafita, kamar ki zauna wurin muharraminki a Gusau lokacin karatu, ko ya riƙa raka ki da rana, ko a jinkirta zango ɗaya. Wannan dabam yake da cewa karatun haramun ne.

Kada ki fita ba da izninsa ba, kada kuma ki mayar da abin faɗa tsakaninki da danginsa. Ki sanar da mahaifinki ko waliyyinki, ya kira shaidun da suka ji alkawarin tare da malamin da mijinki yake jin maganarsa, a zauna a tuna masa. Ke kuma ki ɗaukar masa alkawarin kiyaye hijabi da lokutan dawowa da haƙƙin gida. Idan sulhu ya gagara, kina da damar kai ƙara gaban alƙalin kotun Shari'a ya duba.

Wallahu a'alamu.