Wane takalmi ya dace da mai jan ƙafa ko mai tangaɗi?

Tambaya daga wata mai karatu a Zariya: Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki bara. Yanzu yana takawa da sanda, amma ƙafarsa ta dama tana jan ƙasa, yana yawan tuntuɓe. Na ga wani kambas mai kaurin ƙasa, taushi kamar katifa. In saya masa?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, Malama. Wannan kambas dai ki bar shi a kasuwa. Tafin ƙafa shi ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙasa take, tudu ne ko gangara. Idan aka ɗora shi a kan soso mai kauri, saƙon sai ya dushe, idon sawu kuma ya riƙa karkata. Lafiyayye ba ya ma lura da hakan, amma wanda jijiyoyinsa suka raunana nan da nan za ki ga yana tangaɗi.

Ki nemi takalmi rufaffe, mara nauyi, mai siririyar ƙasa mai ƙarfi. Tudun dunduniyarsa kada ya wuce santimita 2.5, kuma ya zama mai faɗi. A gaban mai shago ki gwada shi. Ki danna bayansa da babban yatsa. In ya lotsa, ba zai riƙe dunduniya ba. Ki lanƙwasa shi. A daidai gindin yatsu kaɗai ya kamata ya lanƙwasu, wanda ya naɗe a tsakiya bai yi ba. Sannan ki murɗa shi kamar kina matse wanki, ki ga ko zai turje. Tunda hannu ɗaya ne ke aiki sosai, mai maɗaurin mannawa ya fi mai igiya.

Sai dai takalmi kaɗai ba zai hana jan ƙafar ba. Tsokokin gaban ƙwauri ne ba sa ɗaga yatsu idan ya cira ƙafa, shi ya sa bakin takalmin ke cin ƙasa. Ana gyara wannan da tallafin roba mai ƙarfi da ake kira AFO, wanda ke bin bayan ƙafa daga ƙasan gwiwa ya lanƙwaso ƙarƙashin tafi. Likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, zai duba ko ya dace da shi, kuma asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano suna da sashen da ke aunawa su ƙera. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi takalmi kafin tallafin ya zo. A jira. In ya zo, a je kasuwa da shi, domin yawanci sai an ƙara rabin lamba ko lamba ɗaya, a kuma zare shimfiɗar cikin takalmin. A sa doguwar safa ƙarƙashin tallafin. Idan an cire aka ga jan tabon da ya wuce minti 20 bai baje ba, a mayar a gyara kafin ya zama gyambo.

Sandar kuwa a hannun hagu zai riƙe ta, ɓangaren da ke da lafiya, kuma kanta ya tsaya daidai wuyan hannunsa idan ya miƙe tsaye ya saki hannu.

Tambaya daga Maraɗi: Mahaifiyarmu tana da cutar Fakinsin, mai sa karkarwa da taurin jiki. Mun saya mata takalmi mai roba mai kama ƙasa sosai don kada ta zame, sai faɗuwar ta ƙaru.

Amsa: Ba abin mamaki ba ne. Mai wannan cuta ba ta cira ƙafa sosai, ja take yi da gajerun taku. Roba mai manyan haƙora sai ta cafke siminti ko darduma, ƙafa ta tsaya cak, jiki kuma ya riga ya yi gaba. Ku sauya mata da mai ƙananan zane a ƙasa, wanda bakinsa ya ɗan ɗago. Mai sulɓi ƙwarai shi ma haɗari ne a kan tayil. Ku ɗauke tabarmi da ledar da bakinta ya naɗe daga hanyarta. Silifa kuma a ajiye ta, ko don alwala: a ba ta sandal mai maɗaurin dunduniya, ta yi alwalar a zaune kan kujera.

Tambaya daga Kumasi: Ciwon suga ya sa ba na jin ƙafafuna sosai. Zan iya sayen na gwanjo?

Amsa: Gara ka haƙura da shi, Malam. Na gwanjo ya riga ya cinye daidai da takun mai shi na farko, kuma in wani ɗinki yana gurzar ka ba za ka ji ba. Ka sayi sabo da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin. Kwanakin farko awa 1 zuwa 2 ya isa, sai ka cire ka duba fata. Kullum kafin ka sa, ka zazzage shi ka zura hannu ciki, kada tsakuwa ko ƙaya ta wuni ƙarƙashin ƙafarka ba ka sani ba.