Mita ta ce 7, ruwa ya yi ja: wa za a gaskata?

Tambayar da ka kawo ita ce: "Malam, na sa farantin ƙarfe a ruwan sodiyam salfet, na ba shi wuta a matsayin katod. Mitar pH ta tsaya a 7, amma da na ɗiga fenolftalin sai gefen farantin ya yi ja. Mitar ce ta lalace?"

Mitarka lafiyarta lau. pH ma'aunin asid da alkali ne: 7 tsaka-tsaki, ƙasa da haka asid, sama da haka alkali. Ita ruwan tsakiyar kofi take aunawa, jan da ka gani kuma labarin fatar ƙarfen ne, kuma wurare biyu ne daban. A kan katod, wato farantin da ke ba ruwa elektron, ruwa yana rabewa, haidirojin ya tashi, ya bar haidiroksaid mai ɗaga pH a baya, kowane elektron ɗaya da nasa guda ɗaya. Iskar oksijin da ta narke a ruwan ma idan ta karɓi elektron haidiroksaid ɗin take bari. A can anod, wato ɗaya elektrod ɗin, kuwa asid ake samarwa. Tunda ka haɗa su a kofi guda, suna haɗuwa a tsakiya su kashe juna, mita ta ga 7. Fenolftalin ba ya ja sai pH ta haura wajen 8.2, don haka ya riga ya faɗa maka gaskiya.

Ɗauki biro ka lissafa kafin ka taɓa wata na'ura. A ruwan da ba a motsawa, siririyar shimfiɗar ruwan da haidiroksaid ke taruwa cikinta a jikin ƙarfe kaurinta bai wuce maikromita ɗari ɗaya zuwa ɗari biyar ba (maikromita dubu ne milimita ɗaya). Ka ɗauki 200, wato santimita 0.02. Idan wutar miliamfiya 1 ce, wato amfiya 0.001, a kan kowace santimita murabba'i, ka ninka ta da kaurin, ka raba da adadin Faraday, 96,485, da saurin yaɗuwar haidiroksaid, wajen 0.000053 santimita murabba'i a daƙiƙa. Za ka samu kusan milimola 4 a lita, wato pH wajen 11.6 a fuskar ƙarfen. Ƙwallon gilashin mitarka kuwa ya kai milimita da yawa. Ko ka manna shi a jikin farantin, mafi yawansa yana waje da shimfiɗar, ga shi ya tare wa wuta hanya a daidai wurin da kake son aunawa.

Abin da aikin ke so shi ne tsinken auna pH siriri wanda bakinsa bai wuce maikromita 10 zuwa 25 ba. Iri biyu ne suka fi yawa a hannun masu aikin. Akwai na antimoni, wanda ake zuƙe narkakken ƙarfen cikin bututun gilashi a ja shi ya sirance. Yana da juriya, sai dai karatunsa yana bin yawan oksijin da ke ruwan, kusa da katod kuwa oksijin ƙarewa yake yi. Akwai kuma wayar zinariya ko filatinam da aka lulluɓe bakinta da iridiyam oksaid. Ni wannan na fi so a irin aikinka, amma shi ma yana da halinsa: haidirojin da ƙarfen da ya narke a ruwan suna iya ja masa karatu, kuma idan ya daɗe a ruwa sai karatunsa ya riƙa zamewa a hankali.

Kada ka yarda da lambar littafi. Littafi ya ce karatun tsinken yana canzawa da milibolt 59 ga kowane mataki na pH a zafin digiri 25, amma iridiyam da aka lulluɓa da wuta yakan ba da sama da haka, 60 da wani abu har zuwa 80. Ka jiƙa shi a ruwan bafa na 7, wato ruwan da aka haɗa don pH ɗinsa ta tsaya a 7, ya kwana, sannan ka auna shi a bafa 4, 7 da 10, ka zana layinka da kanka. Tunda lissafi ya nuna za ka kai 11 da ɗoriya, ka ƙara ruwa na huɗu mai pH 12, kada ka yi ta jan layi zuwa inda ba ka gwada ba. Bayan gwaji ka sake maimaita duka. Idan karatun bafa 7 ya kauce da fiye da milibolt 5 ko 6, aikin ranar ka ajiye shi gefe.

Inda kusan kowa ke faɗawa shi ne nan, don haka ka natsu. Tsinken ba pH yake gani ba, boltej yake gani tsakaninsa da elektrod ɗin ma'auni, wato elektrod mai tsayayyen boltej da ake gwada karatu da shi. To, muddin wuta na ratsa ruwa, ruwan kansa yana da boltej daga wannan wuri zuwa wancan. A sodiyam salfet mai mola 0.1, wutar miliamfiya 1 a santimita murabba'i tana zubar da kusan milibolt 60 a kowace santimita. Ka ga ke nan idan elektrod ɗin ma'auninka yana nesa da santimita ɗaya a kan hanyar wutar, ka samu kuskuren mataki guda cur na pH, kuma babu abin da zai nuna maka a fuskar na'ura. Magani biyu ne. Ko dai ka kawo bakin siririn bututun elektrod ɗin ma'auni daf da tsinken, su zama nisansu ɗaya daga farantin, ko kuma ka yanke wutar na ƙiftawar ido ka karanta. Boltej ɗin ruwa ɓacewa yake nan take, pH kuwa sai ta ɗauki daƙiƙu kafin ta watse. Duk tsallen da karatu ya yi a daidai lokacin yankewa, ba pH ba ce. Ka kuma ba tsinken nasa elektrod ɗin ma'auni, da mitar da shigarta ke da juriya mai yawan gaske, wayar gajera mai rigar kariya, duka a cikin akwatin ƙarfe da aka haɗa da ƙasa.

Sai nisa. Lambar pH da ba a faɗi nisanta daga ƙarfe ba, ba ta da amfani. Ka ɗaura tsinken a kan maƙalar da ke motsa shi maikromita-maikromita, ka sauko da shi ƙarƙashin madubin ƙara girma wuta a kashe, har ya kusa haɗuwa da inuwarsa a farantin, nan ne sifilinka. Ka ja baya maikromita 20, ka kunna wuta, ka jira karatu ya zauna, sannan ka riƙa ja da 20 ko 50 har ka iso pH ɗin tsakiyar kofi. Kada kowa ya jingina da tebur, fanka ma a kashe ta.

Kumfar haidirojin idan ta fara tashi tana dama shimfiɗar, karatu ya riƙa rawa, wani lokaci ta maƙale a bakin tsinken ta yanke shi gaba ɗaya. Ka rage wutar, ko ka tsayar da farantin a tsaye kumfa ta sulale sama. Idan kuma ruwan teku ko na rijiya mai yawan kalsiyam da magniziyam za ka gwada, farin ɓawo zai fito a katod, kalsiyam kabonet, sannan magniziyam haidiroksaid idan pH ta kai wajen 9.5. Ɓawon yana rufe tsinke, sai ka duba bakinsa a madubi tsakanin gwaji da gwaji.

Gobe ka fara da ruwa mai bafar fosfet mai ƙarfi, da wuta kaɗan. A can pH ba ta da dalilin motsawa sosai, saboda haka duk abin da tsinken ya nuna maka kuskuren haɗinka ne. Ka gyara shi tukuna, sannan ka koma ruwan salfet ɗin.